Takardar da Na Mayar Aljihu

Na shiga jami'a ina da shekara arba'in da bakwai, bayan na yi shekara goma sha huɗu ina hedimastan firamaren garinmu, a ƙasar Kirikasamma. Ba sha'awa ce ta kai ni ba. Takarda ce ta zo daga ofishin ilimi, cewa makaranta mai yawan yara irin tamu mai digiri ne zai riƙa shugabantarta. Aka ba ni hutun karatu na shekara uku, ba ƙari. Mataimakina ya riga ya yi nasa digirin, aka ce ya yi riƙon ƙwarya. In na dawo da sakamako a ƙarshen shekara ta uku, kujerata tana nan. In ban dawo da shi ba, ta zama tasa. Sakataren ilimi ya faɗa mini haka a fili, ni ma na ji a fili, kuma ba ni da ƙorafi a kansa har yau.

Jami'ar ba zan faɗi sunanta ba. Tafiyar awa huɗu ce a mota daga Hadejia. Wanda ya zaɓa mini ita ɗalibina ne. Ni na koyar da shi daga aji uku zuwa aji shida. Ni na cike masa fom ɗin shiga sakandare. Da mahaifinsa ya ce korar tsuntsaye a gonar shinkafa ta fi masa amfani, ni na bi shi har fadama, na tsaya cikin taɓo har gwiwa, sai da ya yarda. Yaron nan ya yi karatu har ya zama dakta, yana koyarwa a sashen da zan shiga. Da ya zo gida da sallah ya ji halin da ake ciki, ya tsuguna a gabana a zaure ya ce, "Malam, ku zo wajenmu. Ina can. Duk abin da ya taso, ni ne."

Karatu iri biyu na sani kafin nan. Na farko na zaure: ka buɗe littafi inda aka tsaya jiya, ka ja baƙi, malam ya fassara, a tsaya, gobe a ɗora daga nan. Ba a tsallake shafi. Na biyu na firamare: darasi minti talatin da biyar, a kira suna, a duba littafin kowa da jan biro. Da wannan tunani na ɗauki jakata. Na sayi littattafan rubutu guda tara, kowane kwas da nasa, na rubuta sunan kwas a bango, na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Ranar farko an ce lakca ƙarfe takwas. Bakwai da rabi ina bakin ɗakin. Ɗaki ne mai matakala kamar filin ƙwallo, mutum ɗari uku za su shiga su yi saura a taga. Layin gaba babu kowa, sai littattafai da jakunkuna a jere a kan benci. Na matsar da wani littafi zan zauna, sai wata mata daga layi na biyu ta ce,

"Baba, da mutum a wajen."

"Ina mutumin?"

"Ga littafinsa nan."

"Littafi ba mutum ba ne."

"A nan mutum ne. Jaka ma mutum ce. Wancan ɗankwalin da ka gani a shimfiɗe, mutum uku ne."

Haka muka saba da ita. Malamar firamare ce daga Kaugama, mai 'ya'ya huɗu, ita ma ƙaro karatu ta zo. Bafillatana ce. Da ta ji kakata ta wajen uwa Babarbariya ce, shi ke nan na shiga uku. Ba ta ƙara kirana da wani suna ba sai Babarbare, ni kuma ina ce mata ta koma wa shanunta. Ita ta riƙa ajiye mini waje daga baya, da ɗankwalin nan nata.

Ranar malamin bai zo ba. Mun zauna har tara da kwata, sai na ga mutane suna tashi. An ɗaga lakcar zuwa ƙarfe huɗu. Wa ya ɗaga, yaushe, a wane allo aka rubuta? Aka ce yana guruf ɗin aji a waya. Wayata ƙarama ce, ta kira da amsawa. A makon nan na sayi babba.

Duk wanda ya tambaye ni abin da zai tarar a ajin jami'a, ga abin da nake gaya masa, a jere. Jadawalin da aka manna a allo niyya ce, ba alkawari ba. Malami zai iya farawa daga babi na biyar. Na taɓa ɗaga hannu na tambayi wani farfesa, babi na uku da na huɗu fa? Ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Suna laburare, Baba, tun jiya suke jiranka." Aji ya ɗauki dariya. Na je laburaren, suna nan kuwa. Babu mai duba littafinka, ko ka rubuta ko ka yi zanen doki. Lakca awa biyu ce, in wuta ta ɗauke lasifika ta mutu, na baya sai su bi bakin malami da ido. Gwaji yakan zo ba sanarwa. Kuma malami ba zai san fuskarka ba, lambarka ya sani. Duk waɗannan na haɗiye su. Ban so su ba, amma doka ce ta gidan mutane, kuma wanda ya shiga gari ya tarar suna da jela, sai ya nemi tasa ya ɗaura. Shekara biyu na yi ban faɗi kwas ko ɗaya ba.

Abu ɗaya ne ban haɗiye ba. Takardar halarta. Akan miƙo ta daga gaba, kowa ya rubuta lambarsa ya sa hannu, ta zagaya. Sai ka ga mutum ɗaya da biro kala uku yana sa wa abokansa da ke barci a hostal. Ni da na yi shekaru ina kiran suna, na san nauyin wannan takarda. Wani yaro ya taɓa cewa in sa wa abokinsa. Na ce hannuna ɗaya ne da nake rubutu da shi, kuma nawa ne. Daga ranar ba su ƙara tambayata ba.

A zangon ƙarshe na shekara ta uku muka shiga kwas ɗin ɗalibina. Daga nan zan kira shi Dakta, don haka kowa yake kiransa, ni ma haka nake kiransa a gaban mutane. Kwas ne na tilas, ba a fita sai da shi, kuma sau ɗaya ake yinsa a shekara. Litinin da Alhamis, lakca ashirin da huɗu. Dakta kuma shi ne mai kula da 'yan ajinmu, duk mai uzuri shi yake fara gani. A ranar farko ya karanta mana doka: wanda bai halarci kashi uku cikin huɗu ba, ba zai zauna jarrabawa ba. Na lissafa a gefen littafi. Shida za a iya rasawa, ba bakwai ba. Ya iya koyarwa, wannan ba zan hana shi ba. Yakan fara daga inda ya tsaya. Ina zaune ina kallonsa ina jin daɗi a raina, don na san inda ya samo wannan.

Ana tsakiyar damina, wata Talata da hantsi, maiɗakina ta kira ni. Jingar da ke arewa da gari ta ɓalle. Jinga ita ce tudun ƙasar da muke yi tsakaninmu da kogi. Ruwa ya shiga unguwarmu, katangar gidan ta faɗi, ɗaki biyu sun zauna. Mahaifiyata, wadda ba ta iya tafiya sai an riƙe ta, tana makarantarmu tare da sauran jama'a, a kan tabarma a aji biyu.

Ban tashi da gudu ba. Na zauna na rubuta takardar neman izini, da kwanan wata, da lambata, da dalili, da wurin da mai karɓa zai sa hannu. Na ninke ta na tafi ofishin Dakta. Na same shi shi kaɗai. Ya miƙe tsaye, kamar yadda yake yi in babu kowa.

"Malam, lafiya? Ku zauna."

Na gaya masa. Ya riƙe kai ya yi salati, ya tambayi jikin Inna, ya tambayi unguwarsu. Na ce tasu tana tudu, ruwa bai kai ba. Sai na fito da takardar na ajiye a kan teburinsa. Ya dube ta, bai buɗe ba. Ya sa yatsu biyu ya turo mini ita.

"Haba Malam. Tsakanina da ku sai da takarda?"

"Ƙa'ida ce, Dakta."

"Ku bar wannan. Ku je ku ga gida. Babu komai."

"Ban san kwana nawa zan yi ba. Hanya ma an ce ta yanke."

"Ko nawa ne. Babu komai, Malam, wallahi. Allah ya kiyaye hanya."

A nan na yi kuskuren, kuma ina so a fahimci irinsa. A wajenmu, in wanda abu yake hannunsa ya dube ka ya ce je ka, babu komai, magana ta ƙare. Da wannan kalma ake ba da aron gona, da ita dagaci yake sallamar mutum, da ita ni kaina na sallami malamai ba adadi zuwa jana'iza da suna. In ka ce sai ya rubuta maka, ka ce masa maƙaryaci ke nan a fuskarsa. Balle yaron da ya tashi a hannunka, ya rantse kuma. Na ɗauki takardata na mayar aljihu. Ni da ban taɓa barin fayil ba a rufe ba.

Mota ta kai ni Hadejia, wata ta kai ni Kirikasamma, babur ya kai ni inda hanya ta nutse, daga nan sai kwale-kwale. Mun bi ta saman gonakin shinkafa, mai tuƙi yana nuna mini da gora, nan ta wane ce, nan ta wane. Tawa ma mun bi ta kanta. Doguwar ciyawar nan ta ruwa, kachala, ta toshe bakin kogin tun shekarun baya, ruwan bai sami hanyarsa ba, sai ya bi tamu.

Aikin da na tarar ba na kwana uku ba ne. Da farko na kai mahaifiyata gidan ƙanwata a Hadejia, a kwale-kwale, tana riƙe da rigata kamar yarinya. Sannan muka shiga cika buhuna da ƙasa, mu jera, ruwa ya ture, mu sake jerawa. Sannan na tsamo abin da ya tsamu na hatsi. A mako na biyu ruwa ya ƙaru, mai kwale-kwalen ma ya ce ba zai bi ta wajen gada ba. Duk Litinin da Alhamis ina ja wa kaina layi a bangon ajin da muke kwana, ina ƙirga lakcar da na rasa.

Ranar da na ja na huɗu Bafillatana ta kira ni.

"Babarbare, kifi bai cinye ka ba?"

"Ya ɗanɗana ya tofar."

"To ji nan. Takarda tana zagayawa kullum, kuma mutumin naka ƙirgawa yake yi. Na iya sa hannunka, na gwada a bayan littafi, kamar kaza ta yi tonon ƙasa ne, ba wuya. In sa maka?"

"Kada ki soma. Ina da izini."

"A rubuce?"

"Dakta da kansa ya ce in tafi."

"Izinin baki ke nan."

"Bakin Dakta."

"To. Allah ya sa bakin nan yana da hatimi. Taurin kanku ne ya sa har yau ba ku da saniya ko ɗaya."

Na yi dariya na kashe waya. Sau biyu na kira Dakta a waɗannan kwanaki don in gaya masa halin da ake ciki. Na farko ya ɗauka, ya ce yana taro. Na biyu bai ɗauka ba. Ban kawo komai a raina ba.

Na koma bayan kwana ashirin da biyar. Lakca bakwai na rasa. Na ari littafin Bafillatana na kwafe duka, ban sake rasa ko ɗaya ba. Saura mako guda jarrabawa aka manna takarda a allon sashe, lambobin waɗanda ba za su zauna kwas ɗin Dakta ba. Mutum goma sha ɗaya. Tawa ce ta takwas. Yaran nan masu biro kala uku, da abokansu na hostal, babu ko ɗayansu.

Na ɗauka kuskuren mai buga takarda ne. Na je ofishin Dakta sau uku a rana ɗaya, a kulle. Washegari na je wajen shugaban sashe. Dattijo ne mai natsuwa, ya saurare ni har na gama, sannan ya sa aka kira Dakta. Ya shigo, ya gaida shugaba, ya ɗan rusuna ta gefena ba tare da ya dube ni ba.

"Dakta, wannan bawan Allah ya ce ka ba shi izinin tafiya."

"Ranka ya daɗe, ya zo ya gaya mini ambaliya ta ci gidansa."

"Ka ba shi izini?"

"Jaje na yi masa. Na ce masa babu komai, yadda ake ce wa duk wanda abu ya sama. Izini kuwa ba hurumina ba ne, sai an rubuto ta ofishinka."

Shugaba ya juyo gare ni. "Ka rubuto?"

Na fito da takardar. Tana aljihun jakata tun ranar, ta sha danshi, gefenta ya yi ja. Ya buɗe ya karanta, ya duba wurin sa hannun mai karɓa, fari fat. Na ce na kawo ta, an mayar mini. Ya dubi Dakta. Dakta ya ce mutane da yawa suna shigowa ofishinsa, ba zai iya tuna kowace takarda ba.

Dattijon ya dube ni, ya dubi Dakta. Ina jin ya gane wani abu, don sai ya tambaya, "Kun san juna ne kafin nan?"

"Yankinmu ɗaya, ranka ya daɗe," in ji Dakta. "Shi ke nan."

Ina da abin faɗa. Ina da taɓon fadamar mahaifinsa, ina da fom ɗin da na cike. Amma babba ba ya tsayawa gaban baƙo yana lissafa abin da ya yi wa yaro. Da shugaba ya ce, "Haka ne?" na ce haka ne. Ya ba ni haƙuri, ya ce in da takardar ta shigo da ya sa hannu a ranar, don ambaliya uzuri ce da kowa ya sani. Yanzu sunaye sun wuce gaba, in ya cire ni sai ya cire goman, su kuwa barci ne uzurinsu. Sai baɗi.

Ina saukowa daga bene Dakta ya biyo ni. Ya duba sama ya duba ƙasa, sannan ya yi magana a hankali.

"Malam, ku fahimce ni. An sa mini ido. An kai ƙarata cewa ina fifita mutanen Hadejia, ga takardun ƙarin girmana suna gaban kwamiti. In na ce na sallame ku da baki, na gama yawo."

"Ranar da ka turo mini takardar, ka san sai ta bi ta ofishin shugaba?"

"Na sani."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Kunyarku na ji. Ya za a yi in ce ku je ku bi layi a ƙofar wani, kuna cikin wannan hali? Na ɗauka kwana huɗu za ku yi, in rufe abin da kaina."

"Kunya ta hana ka karɓar takarda. Ba ta hana ka musu ba."

Na jira, don na saba ba yaro lokaci ya gyara amsarsa. Wasu ɗalibai suka taho, ya gyara tsayuwa ya ce musu su same shi a ofis, ya bi bayansu.

Na zauna sauran jarrabawa takwas, na ci duka. Ranar jarrabawar Dakta ina ɗaki, na wanke kayana na ɗaure jaka. Bafillatana ta zo sallama da yamma. Ba ta tsokane ni ba, wannan ne karo na farko. Ta ce da na bari ta sa hannun nan sau ɗaya tak da yanzu ba wannan maganar ake ba. Na ce na sani. Ta ce in aka sake, zan bari? Na ce a'a. Ta ce ita ma ta sani.

Na je wajen sakataren ilimi da sakamakon kwas-kwasan da na ci da bayanin ɗayan da ya rage. Ya karanta, ya jajanta, ya ce shekara uku aka rubuta. Aka tabbatar wa mataimakina kujerar. Ni aka tambaye ni ko ina so a mayar da ni wata makaranta don kada abin ya yi mini nauyi. Na ce gidana a rushe yake, ba inda za ni. Aka ba ni aji huɗu.

Shekarar da ta biyo na riƙa zuwa Litinin da Alhamis da izinin sabon hedimasta, a rubuce. In fita da asuba, in dawo bayan isha'i. Na zauna a layi na biyu, Dakta yana koyarwa, bai taɓa kallon ɓangaren da nake ba. Na ci kwas ɗin. Digirin yana cikin akwati. Mutanen gari har yanzu in sun gan ni sukan ce yaronka ya yi maka rana, ni kuma in ce Allah ya yi masa albarka, don mahaifinsa yana raye kuma masallacinmu ɗaya.

Sabon hedimasta mutumin kirki ne, yana girmama ni, ba ya shiga ajina sai ya yi sallama. Ranar Litinin ta farko da na koma aiki a ƙarƙashinsa, an buga ƙararrawar taron safe ƙarfe takwas saura minti takwas, maimakon bakwai da rabi. Yara suna ta shigowa ta inda ruwa ya karya katangar makarantar, wasu da rake a baki. Na duba agogona, na sauke hannun rigata a kansa, na shiga layin malamai na tsaya a ƙarshe.